Haruffa Huɗu a Littafin Baba Malam

"Ɗaga min filon nan kaɗan, Tela. Filon na ce, ba kaina za ki cire ba."

Tela ta tallabo wuyan Baba Malam a hankali ta gyara masa. Tsohon ya rame har ba ya da nauyi a hannu, bakinsa ne kawai ciwo bai taɓa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin shagonta na ɗinki da ɗakinsa, kuma tun da ciwon ƙirji ya kayar da shi, ita ke zama da shi da rana in 'yarsa ta tafi aiki asibiti. Takan zo da aikin hannu, maɓalli ko kalmasa, ta zauna a kujerar roba kusa da taga. Mutanen layin sai sa mata albarka suke yi. Albarkar nan kuwa nauyi take yi mata, don ta san ba zumunci kaɗai ke kawo ta ba. Akwai abin da take so daga bakin tsohon kafin ya tafi da shi.

Ɗanta Dogo ya tafi wata ƙasa neman aiki. Da farko yana kira, daga baya shiru, shekara ta zagayo ta sake zagayowa. Ba irin addu'ar da ba ta yi ba. Ana nan sai wani mai wa'azi da ke kafa lasifika a bakin kasuwa ya ce masu cewa Ubangiji muƙami suke kira, shi ya sa ba a amsa musu. Allah yana da sunansa na kansa da Ibrananci, in ji shi, ya kuma faɗe shi da ƙarfi. Ba a yi mako ba wani a rediyo ya faɗe shi daban, shi ma yana rantsuwa. Tela ta rasa na kamawa. Baba Malam kuwa Ibrananci ya koyar a makarantar fastoci har ya yi ritaya.

Ranar ta soke allurar a bakin zanenta, ta yi ƙarfin hali.

"Baba, don Allah, mene ne sunan? Na gaskiyar."

"Ashe abin da ya sa kike gyara min filo sau goma ke nan." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ya ce, "Miƙo min baƙin littafin can."

Littafi Mai Tsarki ne na Ibrananci. Ya buɗe shi ta inda ita take ganin baya ne, ya ɗora yatsa. "Ga shi. Yod, he, waw, he. Baƙaƙe huɗu. Masu harshen sun daina furta shi tun zamanin da saboda girmamawa, har yadda ake faɗarsa ya shige wa kowa. In mai karatu ya iso nan sai ya ce Adonai, wato Ubangiji, ya wuce."

"To ku da kuka yi karatu fa?"

"Masana suna da hasashe, ni ma na san shi. Amma ban taɓa sa shi a bakina ba, ko a aji. Haka malamina ya koya min, haka na tsufa."

"Ma'anarsa fa? Ita ma ta ɓace?"

"Yawanci sun ce daga kalmar kasancewa ya fito. Wanda yake nan, kuma zai kasance."

"Yana nan," ta ce. "To."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Yaron naki, Dogo ne sunansa na yanka?"

"Sunan mahaifina aka sa masa. Tun da mahaifin nawa ya rasu bakina ba ya iya ɗaukarsa."

"Da kike ce masa Dogo, yana amsawa?"

"Da yana amsawa, Baba. Yanzu ba ya amsawa."

Baba Malam ya rufe littafin. Tela ta tattara kayanta ta fita tun 'yarsa ba ta dawo ba. Haushinsa take ji ƙwarai, kuma tana jin kunyar jin haushin mutumin da ke kan gargara. Ya san wani abu, ko hasashe ne, ya hana ta. Ita ko hasashen ma so take.

Duk da haka washegari ta dawo, jibi ma haka. Ba ta sake tambaya ba, shi ma bai tayar ba. Sai dai ya ce ta riƙe masa littafin a ƙirji ya yi karatu, yana jan kalmomin nan masu fitowa daga maƙogwaro. Ba ta gane ko ɗaya, amma ta koyi inda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi kafin ya ce Adonai.

Abinci ya daina shiga. Wata safiya 'yarsa ta tsaya a ƙofa da jaka a kafaɗa ta kasa fita.

"Anti, yau jikin Baba bai yi min ba. Amma babu mai karɓa ta a wurin aiki."

"Je ki, ina nan. In da wani abu zan kira ki."

Da rana ta take, masu kanti na layin sun sauke rumfa saboda zafi, tsohon ya buɗe ido.

"'Yata, kawo littafin." Ta kawo. "Na kwana ina tunanin maganarki. Ba ni da amsarta. Abin da nake da shi zan ba ki. In mun iso wurin sunan zan faɗa miki yadda ake zaton ana furta shi, sau ɗaya. Ki kasa kunne, numfashina ba zai kai biyu ba."

Ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa gadon. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa, yatsansa na bin layin daga dama zuwa hagu, yana tsayawa ya huta ya ci gaba. Sai yatsan ya tsaya.

Ya ja numfashi. Tela ta ga leɓensa na rawa, ta ga hawaye ya gangaro ya shige kunnensa. Mutumin da ya yi dariya ranar da likita ya faɗa masa gaskiyar ciwonsa, yau tsoro ne a fuskarsa ƙarara, kuma saboda ita zai yi. Ta tuna Dogo. Ta tuna shi sosai, har da yadda yake sunkuyawa in zai shiga ƙofar shago. Bakin tsohon ya fara buɗewa.

"Adonai," in ji Tela, da sauri, da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya.

Ya juyo da ido ya dube ta.

"Wuce, Baba. Ci gaba da karatunka."

"Kin tabbata? Ba za ki sake samu na ba."

"Na sani. Wuce."

Kuka take yi, ba ta ɓoye ba. Ya ƙarasa layin, ya kama na gaba, ya kai rabi ya ce zai ɗan huta. Ta bar masa littafin a ƙirji, ta ɗauki rigar da take sa wa maɓalli, allurar ta ƙi shiga rami. Littafin yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka. Kafin inuwa ta kai bakin taga ya daina.

Ta kira 'yarsa, ta ce mata ta taho kawai. Ta cire masa tabarau, ta shafe idanunsa, sannan ta zare littafin daga ƙarƙashin hannunsa. Za ta rufe ke nan ta lura da wani ɗan duhu a takardar, daidai inda yatsan ya tsaya. Akwai wani a ƙasa, da wani a ɗaya shafin. Ta buɗa gaba, ta buɗa baya, ko'ina suna nan, inda yatsa ya yi shekaru yana tsayawa har takardar ta yi laushi.

A waje wata mata tana ƙwanƙwasa ƙofar shago tana kiran Tela. Ba ta amsa ba. Tana zaune a gefen gadon da littafin a cinya, tana juya shafukan ɗaya bayan ɗaya.