Sunan da ke Jikin Kwali

Ermete Ghiso ya ɗaga zirin fim ɗin saitin taga, ya kanne ido ɗaya. Hoton gadar ƙauyensu ne, amma ba baƙi ba fari, sai wani toka-toka kamar ruwan wanke-wanke. Kwaɓin azurfar da ake shafa wa fim ne, na uku ke nan da ya lalace a hannunsa.

"Maestro, azurfar da ta rage ta kwaɓi ɗaya ce," in ji Gigliola, matar da ta sake buɗe ƙaramar masana'antar fim ɗin hoton bayan ta shekara goma sha tara a kulle. Ita da mutum biyar suka kankare kashin tattabaru, suka tada tsoffin injuna, don masu ɗaukar hoto sun dawo suna neman fim baƙi-da-fari ruwa a jallo. "In wannan ma ya ƙi, sai mu mayar da kwaɗo a ƙofa. Me littafinka ya ce?"

Littafin ya ce a dafa kwaɓin minti arba'in da biyu. A wani shafin kuma ya ce talatin da takwas. Ermete ya san dalili, kuma duk faɗin kwarin nan shi da wata mata guda ne kawai suka sani.

Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin duhu, inda ake dafa kwaɓin azurfar da ake shafa wa fim. Ko agogo mai haske ba ya shiga ɗakin, shi ya sa kamfanin ke ɗaukar makafi aiki, su da duhu bai tsare musu komai ba. Abokiyar aikinsa Nives Berruti ce, makauniya tun haihuwa. Takan ɗora tafin hannunta a kan muciyar da inji ke juyawa cikin tukunya, ta sunkuya tana shaƙar tururi, can sai ta ce, "Yanzu, Ermete." Shi kuma ya kashe wuta, ya fito cikin haske, ya duba agogo, ya rubuta mintuna. Na hunturu daban, na bazara daban. Shi aka ba lambar yabo, shi ake kira Maestro, wato babban gwani, ita kuwa a takardar ma'aikata mai wanke tukwane aka rubuta ta. Kullum yakan gaya wa kansa cewa bai taɓa yin ƙarya ba. Shiru kawai ya yi, shirun kuwa ya yi masa rana.

Ko satin da ya wuce ma Gigliola ta nuna masa zanen kwalin da za a riƙa zuba fim ɗin, an rangaɗa GHISO 42 da manyan haruffa. Ta tambaye shi ko da gyara. Ya ce a ƙara wa haruffan kauri.

Washegarin lalacewar kwaɓin ya hau bas ya gangara garin bakin teku inda Nives ke zaune a gidan ƙanwarta. Ya same ta a baranda tana ɓarar wake.

"Wannan jan ƙafar na Ermete ne," ta ce tun bai buɗe baki ba. "Ashe kana raye? Shekara goma sha tara, ko katin Kirsimeti."

"Me za ki yi da kati, ke da ba karantawa za ki yi ba?"

"In yi fifita da shi mana. Zauna, tsohon banza. Wa ya mutu?"

"An buɗe masana'anta. Kwaɓi ya ƙi."

Ta yi dariya har da tari. "To littafin naka fa, Maestro?"

Kowa na kiran sa haka, amma daga bakinta sai ya ji kamar an tsikare shi da allura. Kunya ta rufe shi, ya yi ta murza hularsa.

"Nives, mutum shida ne suka ajiye ayyukansu saboda wannan abu. Saura kwaɓi ɗaya."

Ta ci gaba da ɓarar wakenta. "Zan zo. Amma ba don kai ba. Warin nan nake kewa."

A cikin bas, tana gyangyaɗi a gefensa, ya shirya maganar da zai yi wa Gigliola tsaf: ga gwanar nan, ni mai riƙe alƙalami ne kawai. Ya maimaita ta ya fi sau goma. Da suka isa ƙofar masana'anta Gigliola ta tarye su, sai ya ji bakinsa na cewa, "Tsohuwar abokiyar aikina ce, ta zo ta ɗan taya ni." Nives ta miƙa hannu aka gaisa.

Ana rufe ƙofar ɗakin duhu ya koma makaho, ita ta kama hannun rigarsa. "An matsar da teburin nan," ta ce, ta kewaye da shi. Inji ya fara juyi. Ermete yana ƙirga mintuna a zuci, arba'in da biyu suka zo suka wuce, zufa ta karyo masa.

"Nives, lokaci fa ya..."

"Yi mini shiru."

Ya ji ƙarar muciya, ya ji tana jan numfashi a hankali, ya ji bugun zuciyarsa. Har ya fid da rai.

"Yanzu, Ermete."

Da ya fito ya duba agogo, minti arba'in da tara aka yi. Ya ɗauki alƙalami, ya rubuta kamar yadda ya saba.

Bayan sati biyu aka wanke zirin farko. Baƙinsa baƙi ƙirin, farinsa fari fat, kowane dutse na gadar ya fito da kamanninsa. Gigliola ta rungume Ermete tana hawaye. Aka haɗa tebura a tsakar masana'anta, aka kawo burodi da cuku da ruwan inabi, aka aika mota ta ɗauko Nives don a yi mata kara. Aka ɗauki hoton Maestro a gaban tukunya, ita tana gefe a kujera riƙe da kwat ɗinsa. Kwalaye kuwa sun iso tun da safe, dubu biyar, an jere su har rufi.

Gigliola ta ɗauko ɗaya ta saka mata a hannu. "Ga tsaraba, Sinyora. Mun gode da kika taya Maestro." Ta koma wajen baƙi.

Nives ta shafa kwalin gaba da baya. Sumul yake, babu abin da yatsa zai karanta.

"Ermete, me aka rubuta a jiki?"

Ya dubi haruffan nan masu kauri. Babu kowa kusa da su. In ya ce mata sunanta ne, Berruti, ba wanda zai ji, ita kuma ba za ta taɓa gani ba. Nadama ta kama shi, amma duk da haka abin da ya fi sauƙi ya nufa. Ya ja numfashi.

"Bar shi," in ji ta a hankali. "Shekara ashirin da shida ina jin numfashinka a cikin duhu. Na san yadda kake jan sa in za ka yi ƙarya."

Ta jefa kwalin cikin jakarta, ta miƙa masa kwat ɗinsa, ta lalubi sandarta.

"Bas ɗin ƙarfe huɗu zan bi. Raka ni bakin titi, akwai rami a ƙofar nan tun zamaninmu."

Ya kama hannunta suka fita. A bayansu ana ta kiran Maestro ya zo ya sa hannu a kwalin farko.