Na Goma Sha Tara

Ranar da Auta ya ce ya daina zuwa horo, ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. Shekararsa goma sha biyu, shida daga ciki a kan katifar wasan alkafura ya yi su, amma ya faɗi maganar kamar mai cewa shayi ya huce. Abin da ya ƙona wa uwarsa rai ke nan. Da kuka ya yi, da ta san ta inda za ta ɓullo masa.

Washegari tana tashi daga kantin maganin da take aiki, ko farar rigar ba ta cire ba, ta nufi zauren horon. Tun daga ƙofa ta ga abin da ta daɗe tana kallo ba ta lura ba. Sa'o'in Auta suna can ƙarshen zaure a kan doguwar sandar lilo, hannuwa fari fat da garin alli, suna faɗuwa suna tashi. Layin da ɗanta yake tsayawa kuwa, rukuni na biyu, duk 'yan shekara takwas ne, wani ma sai an ɗaure masa igiyar wando. Shekara uku Auta yana kwashe lambobin zinariya a cikin waɗannan 'yan mitsi-mitsin, ita da mijinta kuma suna ta tafi a gida kamar sakarkaru.

Ta tare koci a gaban kowa ta wanke shi tas. Ta ce ya danne mata yaro don ƙungiyarsa ta riƙa tara maki, ya mai da shi zakara a cikin 'yan tsaki har wasan ya fita daga ransa. Koci ya bari ta sauke duka, sannan ya ja ta ofis, ya zaro takardu biyu daga durowa. Takardun neman izinin hawa rukuni na uku ne, na bara da na bana. Kowacce an rubuta a ƙasanta a bar shi inda yake, da sa hannun mijinta ɓaro-ɓaro.

Kunya ta kama ta, amma kafin ta tsallaka titi haushi ya cinye kunyar.

Mijin nata mai aski ne. Ta same shi yana gyara wa wani tsoho ƙeya, lambobin Auta goma sha ɗaya jere a saman madubi, inda duk wanda ya zauna sai ya tambaya, shi kuma ya samu abin baza labari. Ta ajiye takardun a kan injin askin da yake shirin ɗauka. Ya fara kame-kame, wai sandar sama tana da haɗari, wai yaro bai yi ƙwari ba. Da ya ga ba ta motsa ba, ya rage murya.

"Maman Auta, a rukuni na uku, na ƙarshe zai riƙa zuwa. Ba zan iya zama ina kallo ana yi masa dariya ba."

"To ka zauna a gida," in ji ta. "Shi ma ai zaman gidan ya zaɓa tun jiya."

Nan ta karɓi biron tsohon da ake yi wa aski, ta soke rubutun mijin, ta sa nata hannun. Shawo kan Auta ya fi wuya. Da ƙyar ya yarda da gasa ɗaya tak, bisa sharaɗin in ya ce ya gama, ba wanda zai sake yi masa maganar.

Bayan mako bakwai aka yi gasar. Sau biyu sanda ta kuɓuce masa, a kan zobban lilo kuma hannuwansa suka riƙa rawa har alƙali ya girgiza kai. Cikin yara ashirin da biyu ya zo na goma sha tara. Uban ya zo, ya zauna can baya yana kallon takalminsa.

Auta ya fito fuska a murtuke, ya yi jifa da jakarsa a bango. Uwar ta matso za ta ba shi haƙuri, don ta san yanzu zai ce ya gama.

"Kar ki ce mini ba komai, Mama. Da komai."

Ya wuce ta fuu, ya je ya ja rigar koci, hawaye yana zuba, yana tambaya da tsawa ƙarfe nawa ake buɗe zaure gobe.