Fuskar Suwaiba

Wasila ba kallon zane ne ya kawo ta Gusau ba, ina ruwanta da zane. Fuskar 'yarta ta zo nema. Tun da 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko mijinta Sahabi da autarsu Suwaiba a hanyar Tsafe, aka mayar mata da gawa biyu garinsu 'Yandoto, wayar da hotunansu ke ciki kuwa ta bi daji, kamannin yarinyar suke ta zille mata. Tana tuna kitson, tana tuna muryar, amma fuskar ta ƙi tsayawa. Wannan abu yana cinta ba kaɗan ba.

Sai ta ji a rediyo an baje zanen Sahabi da amininsa Elisha a wani ɗakin taro a unguwar Damba. Kowa ya san yadda suke aikinsu. Sahabi zai zana gona da rumbu da jikin mutum har yatsun ƙafa, amma ko da wasa ba ya taɓa fuska, wai malaminsa ya hana shi. Sai ya kai wa Elisha ya sa. Har tsokanarsu ake yi, wai mutum ɗaya ne aka raba biyu.

Ta tarar da ɗakin cike da 'yan boko, ana ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ba ta kula kowa ba, ta bi bango. Ga mai furar tashar Bungudu, ga masu sussukar gero, kowa da idonsa da hancinsa. Can ƙarshe ta hango rigar atamfa ruwan ɗorawa da ita ta ɗinka, da ɗan hannu riƙe da guntun rake. Daga wuya zuwa sama, fari fat.

Elisha ya zo ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, duk ya rame. Ya ce rabonsa da yarinyar tun ranar suna. Ya ce wa Sahabi ya turo hotonta ta waya yadda suka saba, ya ƙi, wai wannan da kansa zai kawo ta a gan ta ido da ido. Tafiyar da suka yi ke nan.

"Ga buroshina nan, maman Suwaiba. Faɗa mini yadda take, yau zan sa mata."

Wasila ta ce tana da wushirya. Elisha ya tsoma buroshi a fenti yana jira. Ta daɗe tana kallon farin wurin. Can ta ce a'a, kamar dai yayar Suwaiba ce mai wushirya.