Auta Tsakanin Farfesoshi Uku

Ginin sashen hawa uku ne, kowane hawa da farfesansa. Ɗalibai ba sa wahalar da bakinsu da sunaye: Na Ƙasa shi ne na kemistiri, Na Tsakiya na fiziks, sai Ta Sama, malamar bayoloji. Da Auta ta zo karatun digirin digirgir sai aka damƙa ta a hannunsu su ukun, saboda bincikenta ya ratsa fannoninsu duka. Ranar har murna ta yi.

Aikinta dafa zinare ne. Takan narkar da shi cikin sinadari har ya koma ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda dubunsu za su jeru a kaurin gashi guda. In sun yi kyau, ruwan kwalbar sai ya yi jawur. Burinta su ɗauki magani su kai shi cikin ƙwayar ciwon daji ba tare da sun taɓa lafiyayyen nama ba. Amma da zarar ta zuba su a ruwan gishirin da ake renon ƙwayoyin ciwon a ciki, sai su dunƙule, ja ya koma shuɗi, aiki ya lalace.

"Abu mai sauƙi," in ji Na Ƙasa. "Ki yi musu riga da wani sinadarin, ba za su manne da juna ba."

Ta yi musu riga, ta hau wurin Na Tsakiya. Ya duba hotunan na'ura ya yamutsa fuska. "Sun yi ƙiba. Awon bara ya tashi a banza, ki sake daga farko."

Ta sake. Wata da watanni tana ɗakin gwajin da ba taga, cikin rigar leda da takunkumi, inda ko hoda ba a yarda ta shafa ba. Da ta kai wa Ta Sama sakamakon, ko zama ba ta ce ta yi ba.

"Rigar nan da kika yi wa ƙwayoyin zinaren guba ce, har lafiyayyun ƙwayoyi take kashewa. Wa ya sa ki? Maza ki cire ta."

Haka Auta ta yi ta hawa da sauka, shekara na cin shekara. Malaman uku ba sa ga maciji da juna tun wata rigima da suka yi kan na'ura, Auta ce bakinsu, ita ce kunnensu.

Mijinta kuwa an riga an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari, ya tafi da 'yarsu. Kullum da rana yakan kira ta.

"Dakta ba takarda, ina aka kwana?"

"Bari kawai, maigida. Ina nan inda ka bar ni."

"Yarinyar nan fa jiya ta tambaye ni wai ko Umma a cikin kwalba take kwana."

Auta ta yi dariya. Da ta ajiye wayar sai ta koma kan kwalabenta.

Sai ta yi dabara. Ta gaya wa kowannensu cewa sauran biyun sun nemi a zauna. Girman kai ya hana kowa ƙin zuwa. Ta jera musu kwalabe a tebur, ja da shuɗi, ta ce, "Ranku ya daɗe, ku gaya mini hanya ɗaya in bi."

Da fari suka yi ta jifan juna da magana. Can Na Tsakiya ya ɗaga shuɗiyar kwalba ya kalle ta a hasken fitila, ya ce ai dunƙulewar nan kanta za ta iya nuna inda ciwo yake. Ta Sama ta gyara tabarau. Na Ƙasa ya miƙe ya hau zane a allo. Kafin ka ce kwabo, ga su kafaɗa da kafaɗa suna katse juna, har da tafawa.

"Kin yi sa'a, 'yata," in ji Na Ƙasa. "Wannan sabon bincike ne babba. Ki ajiye wancan, ki kama wannan. Shekara biyu ta ishe ki."

"Farfesa, ina da iyali."

"Mu ma duk muna da su," Ta Sama ta ce, idonta na kan allo.

Auta ta kwashe kwalabenta ta sauko ɗakin canza kaya. Tana zura ƙafa cikin rigar leda wayarta ta fara ruri. Maigida ne, ya san yau za a yanke magana. Ba a shiga da waya ɗakin gwaji. Ta daɗe tana kallon sunansa, sannan ta saka ta a loka, ta ɗaura takunkumi, ta tura ƙofar ciki.