Minti Uku a Gaban Kwamiti

"Sake," in ji Malama. "Daga farko. Kuma ka daina kallon takalminka, ba shi zai yanke hukunci ba."

Kafinta ya gyara tsayuwa a gindin gadon, takardar jawabin a hannunsa. Autar Malama tana zaune bakin taga da waya tana auna lokaci. Ya ja numfashi, ya sake shi a hankali yadda aka koya masa, ya kama layin farko. Ya wuce gaisuwa lafiya. Da ya zo kan "buƙata" sai leɓɓansa suka haɗe kamar an shafa musu gam.

"Minti bakwai da rabi," in ji Auta da ya kai ƙarshe.

"Jiya tara ne," in ji Malama, muryarta can ƙasa. "Muna samun ci gaba."

"M-malama, uku fa suka ce."

"Na iya lissafi."

Shekara ashirin da shida ta yi a babban asibiti tana gyaran magana: yaran da baki ya ƙi buɗewa, tsofaffin da shanyewar jiki ta ɗaure wa harshe, da masu in'ina irinsa. Ɗaki ɗaya suke rabawa da abokin aikinta mai gwajin ji. Shi ya gaji ya tafi wata ƙasa, ita ta yi ritaya, sai aka rufe ɗakin aka ce za a soke guraben aikin biyu gaba ɗaya, wai ba aikin gaggawa ba ne. Ƙungiyarsu, su goma sha ɗaya, ta yi shekara huɗu tana rubuta wasiƙu. Sai da ciwon daji ya kwantar da Malama sannan kwamitin lafiya ya amsa: mutum ɗaya, minti uku, ranar Laraba.

A layinsu akwai dillali, akwai mai aski, mutanen da ko barci suke yi bakinsu bai hutawa. Malama ta tsallake su, ta tsallake abokan aikinta, ta zaɓi maƙwabcinta da katanga ɗaya ta raba su.

"Mu sun gaji da jin mu," ta ce. "Su ji wanda aka yi wa aikin."

Aikin kuwa an yi. Har ya kai shekara talatin da takwas matarsa ce ke yi masa magana da masu kawo aiki, shi yana gefe yana gyaɗa kai kamar baƙo a shagonsa. Wata rana Malama ta jiyo shi ta katanga yana kokawa da sunan 'yarsa, ta aika a kira shi. Shekara biyu, duk Asabar, a falonta. In'inar ba ta tafi ba, amma ta koyi zama gefe ta bar shi ya wuce.

Ranar Laraba matarsa ta goge masa rigar da ba ya sawa sai da dalili.

"Baban yara," ta ce tana gyara masa wuya, "kai da ka kwashe wata guda kafin ka gama ce mini kana so na, yau kai ne lauya."

"Ai k-kin jira."

"Ni ban da ƙararrawa ne."

'Yan kwamitin kuwa suna da ita. Tana kan dogon tebur kusa da hannun sakatare, tsakanin gorunan ruwa. Mutum tara ne a zaune, rabinsu na duba waya. Kafin shi an saurari wani kan batun motar ɗaukar marasa lafiya, mai baki kamar famfo, ya gama har da ragowar sakan goma. Da aka kira Kafinta ya matsa gaban makirufo, ya ji numfashinsa ya cika ɗakin kafin ya ce komai.

Ya yi gaisuwa. Ya faɗi sana'arsa. Ya iso "buƙata".

"Bu… bu…"

"Buɗe ɗakin," in ji shugaban kwamitin, da niyyar taimako. "Mun gane. Ci gaba, bawan Allah."

Ba ita ce kalmar ba, kuma dama Malama ta hana shi karɓar kalmar da aka miƙo masa. Ya koma ya kama tasa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ta fito daga ƙarshe, ya shiga layi na huɗu, inda aka rubuta adadin yaran da ke jiran layi, sai ƙararrawa ta buga.

"Miƙa wa sakatare takardar," in ji shugaban. "Za a duba."

Wani mai tabarau a ƙarshen tebur ya karkato wajen na kusa da shi. Ya manta makirufonsa a kunne yake.

"In dai wannan ne wanda aka gyara, to gara a mayar da ɗakin sito."

Dariyar ba ta da yawa. Mutum uku ne, ko huɗu.

A motar haya ya haɗa labarin da zai kai. Sun saurara har ƙarshe. Shugaban ya ce magana ta shige su. Za a mayar da guraben. Ya yi ta maimaitawa a ƙasan maƙoshi, tasha bayan tasha, har ya yi santsi kamar katakon da ya sha goga.

Ana la'asar ya shiga. Auta ta ɗaga mahaifiyarta ta jingina ta da filo biyu. Ɗakin na warin magani da man zafi, rana ta faɗo kan ƙafafunta da suka zama kamar sanduna a ƙarƙashin zane.

"Malama, sun saurara har ƙarshe. Shugaban da kansa ya ce magana ta shige su, za a mayar da guraben."

Auta ta rufe fuska da hannu tana godiya ga Allah. Malama ta dube shi kawai.

"Ko tuntuɓe ɗaya babu," ta ce. "A mota ka yi bitarta?"

Ya koma kallon takalminsa.

"Auta, je ki duba ruwan nan." Sai da yarinyar ta fita sannan ta nuna masa kujera da ido. "Kai in magana taka ce sai ta ja da kai. Zauna ka faɗa mini."

Ya faɗa mata, da in'inarsa da komai. Ƙararrawar, layi na huɗu, sakataren da ya sa takardar ƙarƙashin gorar ruwa. Ya so ya tsaya nan, amma ta san shirunsa kamar yadda ta san maganarsa, ta jira. Ya faɗi abin da mai tabarau ya ce.

Ta lumshe ido.

"Laifina ne," ta ce. "Na manta su ba su san yadda kake a da ba."

"Ni na b-ɓata miki, Malama. Shekara huɗu."

"Da shugaban ya ba ka kalma, ka karɓa?"

"A'a."

"Ka tsaya har aka buga?"

"Na tsaya."

"Da can ko ƙofar ba za ka shiga ba." Ta nemi yin dariya, tari ya ƙwace. Da ya lafa ta ce, "Sito. Ko me za su ajiye."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Washegari ba ta ci komai ba. Ranar Juma'a da hantsi yana shago yana yankan katako sai ya ga matarsa a bakin ƙofa, babu takalmi a ƙafa ɗaya. Ya kashe injin. Daga fuskarta ya gane Malama ta rasu. Ya yi ta share garin katako daga hannunsa, ko bayan garin ya gama fita.

Masu gaisuwa sun cika layin, kuma rabinsu Kafinta bai san su ba. Wata mata ta zo da saurayin ɗanta mai na'ura a kunne. Wani tsoho da sanda ya yi minti biyar yana harhaɗa "Allah ya jiƙanta", babu wanda ya ƙarasa masa.

Bayan sati uku wani ɗan kwangila da yake ba shi aiki jefi-jefi ya kira shi. Akwai ɗaki a babban asibiti, ƙarshen baranda, za a cire kayan bango a kafa kantocin ajiya. Kafinta ya buɗe baki zai ce a'a. Kalmar ba ta da wuya, ya san zai iya. Sai ya tuna yadda yaran ɗan kwangilar ke cire abu da guduma.

"Zan zo," ya ce.

Ɗakin aikin Malama ne, amma bai taɓa shigarsa ba. Ƙarami ne, ƙura ta rufe komai. Ƙananan kujeru huɗu an kifa su kan tebur. A bango akwai madubi mai faɗi, an kafa shi ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaro, gefensa duk shatin 'yan yatsu.

Ya ajiye jakar kayan aiki, ya ɗauko sukudireba, ya durƙusa. Ko a durƙushe ya fi madubin tsawo. Bakinsa kawai yake gani a ciki, a ɗan buɗe.