Mina Biyu

Ni na fara ganin arzikin Jidda kafin kowa a cikin Hausawan unguwar Hindawiyya. Larabawa kam garinsu ne, ban sa su a ciki ba. Amma waɗannan da ke zama a shagon Zaharadden tela, suna shan shayi suna bayanin yadda shinkafa da motoci ke shigowa ta ruwa kamar su suka haƙa tekun, babu wanda ya riga ni taka bakin ruwan nan. Kuma da harami na taka shi.

Shekara talatin ke nan Zaharadden na kirana Alhajin Teku. Wai ban tsaya Arfa ba, a kan buhunan siminti na yi tsayuwata. Makon jiya har gaban surukina ya faɗa, aka yi dariya. Gona sukutum na sayar a Gumel na zo hajjin nan, ba zan bar tela ya warware mini shi ba.

Ga yadda aka yi. A jirgin ƙarshe muka sauka Jidda. Ran takwas ga watan hajji silifa ta tsinke mini, na fita neman wata, kafin in dawo masauki motar alhazanmu ta tafi. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma na san ran takwas a Mina ake kwana. Na tare wata babbar mota na ce, "Mina!"

Direba ya dubi haramina ya ce, "Al-mina? Akid?"

Ashe tambaya yake ko na tabbata. Na zaci gaisuwa ce, na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Yalla."

Tafiyar ba ta kai ta cin tuwo ba. Na ce lalle ƙasa mai tsarki, hanya ma naɗe ta ake yi. Na diro, sai ga ruwa iya ganina, jirage sun yi layi suna jiran wuri, buhunan siminti da na sukari sun fi dutsen garinmu tsawo, ko da yake garinmu ba dutse. Malamin da ya yi mana bita bai ce Mina na da ruwa ba, amma shi ma bai taɓa zuwa ba. Can na ji kukan raguna. Na ce ga dabbobin hadaya, na iso. Na ɗaga murya da talbiyya.

Wani dogo ya ajiye buhu ya nufo ni. Shi ne Othman, shugaban 'yan dako, Bahaushe haifaffen Jidda, Hausarsa duk Larabci.

"Ya hajj, ina za ka?"

"Ai na zo. Ina tantin 'yan Gumel?"

Sai da ya zauna a kan buhu don dariya. "Ya akhi, wannan mina ce ta jiragen ruwa. Haka Larabawa ke kiran tasha. Taka Minar tana can bayan Makka, kuma wallahi yau ko jaki ba ka samu a garin nan, duk sun kwashi alhazai."

Zaharadden ya ce kuka na yi. Yana ina lokacin? Gishirin teku ne ya shiga idona.

Othman ya ce motar da ta rage mai zuwa Mina ta gaskiya sai ta wani ɗan kasuwa, Abdulelah, wanda ya yi odar raguna daga Sudan domin ranar yanka. Jirgi ya iso, motoci na jira, raguna sun ƙi sauka. Tun safe ƙarti goma ke tura su ta baya a kan gadar katako, su kuwa sun kafe. Abdulelah na tsaye yana fifita da hularsa yana kiran sunan Allah, domin ragon da ya isa Mina bayan sallah ba mai waiwayarsa.

Na ce, "Gaya masa in na sauke su, ya ba ni wuri a mota."

Othman ya fassara. Abdulelah ya dube ni daga sama har silifa ɗaya, ya ce, "Halas," wato shi ke nan.

Su 'yan dako buhu suka sani. Rago ba a tura shi. Na hau jirgin na tsaya ina kallo har na gane wanda sauran ke bi da ido, wani tsoho mai karyayyen ƙaho. Na kwance ƙullin kanwa da mahaifiyata ta ba ni saboda ciwon ciki, na miƙa masa a tafin hannu. Ya lasa. Na ja da baya, ya biyo. Na sake ja, ya biyo. Kafin in taka ƙasa gadar ta ɗauki rawa, raguna na zubowa, ƙartin nan na neman wurin tsira. Tsohon ya goge jikinsa da haramina, jan fentin da Abdulelah ke shaida dabbobinsa da shi ya zauna a kai.

Sai hantsin ran tara aka gama lodi. Wurin da aka ba ni a baya ne, tsakiyar raguna. Muka shiga Mina da azahar, tantuna wayam, kowa ya tafi Arfa. Na cire silifar da ta rage na sa ƙafa a hanya. Rana ta yi ja-ja na shiga filin Arfa, kuma jama'a suka dare suka buɗe mini hanya kamar wani babban malami.

Bayan hajji Abdulelah ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar zaman ƙasa. Shekara arba'in na yi a mina. Na ga ranar da kwantena ta fara shigowa, na ga ƙugiyar ƙarfe ta karɓe aikin gadon bayanmu, ni dai ina nan da raguna, su har yau ba su yarda da inji ba. Jirgi ya makara mako guda, ka je unguwar Bagdadiyya ka ga yadda masu shaguna ke hamma. Zaren da Zaharadden ke ɗinki da shi ma ta gabana ya wuce.

Jiya na ɗauki haramin, wanda na ajiye domin likkafanina, na shimfiɗa masa a kan keken ɗinki. Ya shinshina ya ce, "Alhaji Muntaka, wannan ai shaidar rago ce. Ina ta Arfa?"

Ashe Zubaidatu, uwargidana, ta biyo ni da yadin da za ta bayar ɗinki. Shekara talatin tana jin tsiyar nan tana dariya a bayan mayafi, jiya ta ce, "Malam Zaharadden, rabu da shi haka. Ya tsaya. Ina budurwa ina taya ummina rabon ruwa a Arfa ya zo, ni na ba shi ya sha."

Zaharadden ya tsayar da keke. "Hajiya, a cikin dubban mutane yaya aka yi kika riƙe fuskarsa?"

"Wace fuska? Hannu ɗaya na miƙa kofi, ɗayan na kan hancina. Hanyar da yake cewa an buɗe masa, gudu aka yi."

Shago ya kwashe da dariya, amma Zaharadden ya tashi ya zuba mini shayi da hannunsa ya ce, "Bismilla, Alhaji." Bai ƙara Teku ba.

To, wanda har yanzu ke shakka, gidana na bayan shagon telan, haramin na cikin akwati. Ya zo ya sa hanci. In bai ƙoshi ba, in kai shi wurin raguna in ba shi kanwa, ya sauke mini ko guda ɗaya daga mota mu gani.