Tafkin Mai Agogo

Dukan farko ƙara kawai ya yi, gudumar ta dawo da hannun maigidana baya. Ya tofa yawu a tafinsa ya sake ɗagawa, a na biyu bulon ya tsage. Ina tsaye a kan bokitin da na kife, ina leƙe ta saman katanga, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin daɗi nake ji.

"Direba, tsaya ka ji." Maƙwabcinmu ne, Mai Agogo, ya fito daga ɗaki da takalmi a ƙafa ɗaya, tabarau na lilo a wuyansa. "Zo ka ga alamar da idonka. Ruwana bai ragu ba."

"Matsa, Baba."

"Akwai rai a ciki, ɗana. Bari ko kwashe su in yi."

Ya shiga tsakanin guduma da tafkin kifinsa, ya riƙe ƙotar da hannu biyu. Tsoho ne ɗan firit, bai kai buhun siminti nauyi ba. Maigidana kuwa shi kaɗai yake ɗaga tayar babbar mota. Ya fizga, tsohon bai saki ba, sai ya juya kafaɗa ya wurgar da shi gefe kamar tsumma. Haƙarƙarinsa na hagu ya sauka a kan kusurwar ginin. Daga inda nake na ji ƙarar, ƙas, ban kuma ji ya ce wayyo ba.

Maigidana ko waiwaye bai yi ba. Ya ba ginin uku a jere, gefen gaba ya buɗe baki, ruwa ya kwaso bulo da yashi ya share lambun, ya tumɓuke tumatir da barkono ya tara su a bakin ƙofar kicin. Tarwada ko'ina, baƙaƙe sil, suna birgima cikin laka. Waɗanda bulo ya faɗa wa sun fashe, jini na bin ruwan. Mai Agogo ya rarrafa da gwiwa, hannu ɗaya dafe da gefensa, ɗaya yana cafkar kifi yana zubawa a gaban rigarsa. Ƙayarsu ta yayyanka masa yatsu, bai fasa ba.

Matarsa, wadda duk layin muke kira Mama, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba ta kalli maigidana ba lokacin da ya saɓa gudumarsa ya fice. Ni ta ɗago ta kalla a saman katanga, har sai da na sauka daga kan bokitin.

Bari in faɗa muku yadda aka kai ga haka. Mai Agogo ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Da ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, sai ya dawo gida, zaman banza kuma ya ƙi karɓarsa. Shi ne ya ce tafkin kifi zai gina a lambun bayan gida. Wata uku yana abu ɗaya. Ya haƙa rami zuwa gwiwa, ya jera bulo zuwa ƙugu, kowane layi sai ya ja zare ya auna. Shafe uku ya yi masa. Ya cika shi da ruwa ya zubar har sau uku don ɗacin siminti ya fita, kafin ya kawo 'yan kifin a leda, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Mama takan ce kifin nan sun fi ta cin abinci a kan lokaci. Abin haushin ma, maigidana ne ya ɗauko masa simintin a kafaɗa daga bakin titi.

Tsakanin tafkin da katangarmu taku ɗaya ne, a bayan katangar kuma ɗakin da Innata take kwance. Inna tana da asma. Wata guda da zuba kifin, bangon ɗakin ya fara laima daga ƙasa, fenti ya kumbura, funfuna ta yi baƙi a bayan gado. Sau uku ina shiga in yi wa Mai Agogo magana, sau uku yana kama hannuna ya kai ni bakin tafkin.

"Duba nan, 'yata. Kullum da safe nake sa alama da ƙusa. Abin da rana ta sha ne kawai ya ragu. Da yoyo yake yi, da ni zan fara sani."

Ni kuwa me ya haɗa ni da alamar ƙusa? Bango jiƙe, tafki a bayansa, ai magana ta ƙare. Na ɗauke shi tsoho mai taurin kai wanda ya fi son kifi a kan mutane.

Ranar da abin ya faru, maigidana ya dawo daga tafiyar kwana shida, idonsa jajur, ko takalmi bai cire ba. Inna kuwa a zaune ta wayi gari, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ban bar shi ya sha ruwa ba. Ina da baki, na sani, tun ina yarinya ake faɗa mini.

"Da uwarka ce a ɗakin nan, da tuni an yi wani abu," na ce. "Amma tsoho ɗaya ya gagare ka. Zauna ka huta abinka, ni zan je, tunda gidan babu namiji."

Ya miƙe. Ya shiga sito ya ɗauko guduma.

Kifin da suka tsira an rarraba su a baho biyu, da bokitai, har da babbar tukunyar Mama. Mai Agogo ya ce ɗan bugu ne, zai warke. Aka yi aka yi ya je asibiti, ya ce wa zai canza musu ruwa? A gidanmu kuwa maigidana ya kasa zaune ya kasa tsaye. Farantin abinci ya yi jifa da shi don na ce gishiri ya ji. "Ni ban taɓa shi ba," yake ta faɗa, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. "Shi ya riƙe."

A kwana na uku babban ɗan Mai Agogo ya iso. Dogo ake ce masa, walda yake yi a wani gari. Duk layin an san zuciyarsa. Ya taɓa karya wa wani muƙamuƙi a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, sai da ya yi wata huɗu a tsare. Da na ji muryarsa ta katanga, sai na ajiye aikin da nake yi. Na yafa mayafi na shiga da sunan gaisuwa, amma gaskiya so nake in ji abin da za a faɗa, in san ko zan ce wa maigidana ya gudu.

Na tarar da tsohon a kan tabarma a baranda, an jingina shi da matashi, leɓensa ya yi fari. Dogo yana cikin ɓaraguzan tafkin, ya zaro guntun rodi yana juya shi a hannu.

"Ni ƙarfe nake aiki, Baba, na san wurin da guduma ta sauka. Wannan ba faɗuwa ya yi ba. Wa ya shigo gidan nan?"

Ya ɗaga rodin ya maka wa wani bokiti da babu komai a ciki, ya rabe biyu. Sannan ya juyo kaina.

"Yaya, ke katanga ɗaya ce tsakaninku. Ko tari aka yi a nan kina ji. Wane ne? Wallahi yau sai an kwashe shi a tabarma."

Ina jin motsin maigidana a bayan katangar, yana wanke ƙafa a bakin famfo, tsakaninsa da rodin nan bai fi taku goma ba.

"Ni ne," in ji Mai Agogo.

"Kai ne me?"

"Ni na fasa abina." Yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. "Yoyo yake yi. Ya jiƙa wa mutane ɗaki, ga mara lafiya a ciki. Na ari guduma wurin Direba, na buga, ruwan ya kwashe ni na faɗi. Ajiye ƙarfen nan, kana tsorata mini kifi."

Dogo ya dubi uwarsa. "Mama?"

"Ka ji abin da ubanka ya ce," ta amsa, idonta a kan wankin da take matsewa.

Ya yi jifa da rodin, ƙarfen ya daki katanga ya faɗo. Ya yi ta yi wa uban faɗa, wai mutum da shekarunsa ya rasa abin yi sai wasa da ruwa. Da yamma har gidanmu ya shigo, ya durƙusa ya ba Inna haƙuri a kan laimar, ya miƙa wa maigidana hannu. Maigidana ya karɓa kansa a ƙasa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, da Dogo ya fita cewa na yi, "To ka ji dai, ya amsa da bakinsa. Dama yoyo yake yi."

A kwana na biyar Mai Agogo ya sunkuya zai ɗaga baho, sai ya kife a kansa. Maigidana ne ya sungume shi a hannu har bakin titi, ya tare mota. Likita ya ce tun ranar da ya faɗi jini ke zuba a cikinsa kaɗan-kaɗan, an makara ƙwarai, amma za su gwada.

Washegari da safe na shiga gyara wa Inna shimfiɗa, na dafa bango don in miƙe. Tafina ya jiƙe sharkaf. Kwana shida tafkin nan a bushe, ko cokali ɗaya na ruwa babu a cikinsa, amma laimar ta haura har ta wuce kan gado. Na kira maigidana na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya fita ya dawo da kurfi, ya durƙusa ya fara sassaƙe filastar ta gefenmu.

Bai yi nisa ba ya kai ga bututun ruwanmu. Bara, da muka ja ruwa zuwa banɗaki, shi ya ce ba sai an kira mai gyaran famfo ba, ai ba a fi shi sanin bututu ba. Inda bututu biyu suka haɗu, maimakon gam, ya naɗe da robar tsohon tiyub ya ɗaure tamau, yadda yake yi wa tiyon lagireto in ya fashe masa a daji, sannan ya shafe da siminti. A mota irin wannan ɗaurin na kai ka gari na gaba ne a canza. Wannan ya shekara a cikin bango. Robar ta ruɓe, ruwa na tsiyaya siriri, yana bin bulo yana gangarawa.

Maigidana ya ajiye kurfin. Ya dunƙule hannu ya naushi bangon. Ya sake, ya sake, har fatar yatsunsa ta saɓule, jini ya ɓata filastar. Inna tana ta "Kai, kai, bari," ni kuma na riƙe masa hannu ta baya, ya watsar da ni na bugu da ƙofa. Bai daina ba sai da hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya zauna a ƙasa cikin ɓaraguzan siminti yana huci. Ni ban yi kuka ba a lokacin. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni.

"Zan je in gaya masa," ya ce. "Yanzu zan je."

Ya naɗe hannun da tsumma, yana neman takalminsa ke nan muka ji kukan ƙanwar Mama ya tashi ta bayan katanga. Ana gab da azahar.

An yi jana'iza, an yi zaman makoki, Dogo ya yi ta gode wa maigidana a gaban mutane, yana cewa maƙwabci irin wannan sai an tona. Duk lokacin da ya faɗa sai in ga wuyan maigidana ya ƙara shigewa cikin kafaɗa. Ya daina cin abinci sosai, ya ƙi karɓar lodi, ya kuma daina yi mini magana sai dole. Ban ga laifinsa ba.

Ranar da Dogo ya koma bakin aikinsa, da hantsi, Mama ta yi sallama. Ta shigo da bokiti a hannu, tana tafiya a karkace saboda nauyi, da wata 'yar leda a ɗaya hannun. Na tashi zan karɓa, ta kauce mini. Ta wuce har inda maigidana yake zaune a gindin bango, ta dire bokitin a gabansa.

"Bakwai suka rage," ta ce. "A asibiti ya ce in kawo maka, ni ba zan iya da su ba."

"Mama," in ji maigidana. "Bututunmu ne. Ba tafkin ba ne. Ni na..."

"Ya sani. Ni ma na sani." Ta ajiye ledar abincin kifin a kan gwiwarsa. "Safe da yamma ake ba su, ɗan kaɗan. Ruwan kuma kwana bibbiyu, kada ka zubar duka, rabi ake ragewa."

Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta tsaya an raka ta ba.

Maigidana ya kwance ledar da haƙori, don hannun daman har yanzu a naɗe yake. Ya ɗebi abincin da hagu, ya sunkuya ya barbaɗa. Ruwan ya yi shiru, sannan ɗaya ta taso a hankali, gashin bakinta ya fara ɓullowa, sauran suka biyo ta.